Daminar da Na Kulle Mahaifina

Na san abin da kuke faɗa idan ba na nan. Kuna cewa ni na kulle kakanku a ɗaki har ya mutu. Ban ce ƙarya kuke yi ba. Amma wanda ya fara ba ku labarin, ƙanena Alhaji Kabiru, bai taɓa wanke wa tsohon nan wando ko sau ɗaya ba, kuma bai gaya muku inda shi ya tsaya a maganar ba. Shi ya sa na sayi littafi na zauna ina rubutawa da hannuna. Bokona gajere ne, a aji biyu na sakandare a Malumfashi na ajiye biro na koma gona, saboda haka kada wani ya tsaya gyara mini rubutu. Abin da ya faru a waccan daminar zan faɗa, da nawa laifin da na wasu, sai ku yi yadda kuka ga dama da shi.

Babana, Malam Isiyaku, manomi ne, ba shi da wata sana'a. Gonarmu ta gandu tana bayan gari, idan ka bar titin Dayi ka gangara ta gefen fadama. Tun kafin a haife ni yake cikinta. Ya san inda ruwa yake kwanciya, ya san inda ƙasa take da tsakuwa, ya san kusurwar da ciyawar wuta-wuta take fara fitowa kowace shekara. To a wurinmu, ku da kuka tashi da waya a hannu wataƙila ba ku lura ba, idan mutum ya haifi maza suka kawo ƙarfi, akwai ranar da ake karɓe fartanya daga hannunsa. Ba taro ake yi ba, ba sanarwa, amma gari yana kallo. Sai a ce wane ya hutar da ubansa, Allah ya yi masa albarka. Wanda kuwa aka ga ubansa da furfura yana duƙe a gona, ko Makka ya je sau biyar, ɗan banza ne a bakin mutane. Haka na tashi na ji, haka ni ma na faɗa a kan wasu. Da ƙyar muka karɓe fartanyar Baba, yana faɗa muna ba shi haƙuri. Kabiru ya kawo masa kujera mai taushi daga Funtua aka ajiye a zaure, da rediyo, da sabon carbi. Ya zauna. Mutane suka sa mana albarka, muka ji daɗi.

Bayan rasuwar Inna, mahaifiyarmu, sai gigin tsufa ya kama shi. Da farko ƙananan abubuwa ne, ya yi sallar la'asar sau biyu, ya tambayi wanda ya mutu da daɗewa ko ya dawo daga kasuwa. Daga baya ya fara kiran uwarku da sunan ƙanwarsa, ni kuma ya daina kirana da komai. In na shigo sai ya gyara zama ya gaishe ni kamar baƙo, ya tambaye ni daga wane gari nake. Ni da uwarku muka riƙe shi. Ita dafa abinci da wanki, ni wanka da kai shi bayi, tunda suruka ba ta ganin tsiraicin surukinta. Kabiru yana zuwa ranar Juma'a a mota, da lemo da gwangwanin madara, ya zauna kamar tsawon shan shayi, ya sa a ɗauke su hoto, ya ce mini Yaya a ci gaba da haƙuri, ya tayar da mota. Abu ɗaya ne bai fita daga kan Baba ba. Duk ranar da hadari ya haɗu ko ƙasa ta yi ƙamshin ruwa, sai ya tashi daga kujerar nan yana leƙa bayan ƙofa yana neman fartanyarsa. Mu kuwa mu ce masa an kai ta maƙera, ya koma ya zauna.

Yanzu sai maganar yayarku Bilkisu. Ita ce ɗiyata ta fari, kun san ba na kiran sunanta, a takardar nan ne kawai na rubuta shi. Tun tana ƙarama tsakaninmu gaisuwa ce, in tana son abu ta gaya wa uwarta, in ina da magana in faɗa wa uwarta. Amma ni na tsaya ta yi karatu, har ta kai jami'a tana koyon aikin kula da jin daɗin jama'a. Ban taɓa gane kan karatun ba sosai. Na ɗauka dai irin masu zama a ofishin ƙaramar hukuma ne suna sasanta miji da mata. A shekarar da nake magana aka zaɓe ta cikin wasu ɗalibai za a kai su wata ƙasar Turawa na 'yan makonni, su ga yadda ake kula da tsofaffi da marayu da naƙasassu a can. Sunan garin da suka sauka har yau bakina bai iya shi ba. Ni na raka ta Katsina neman fasfo, ni na tsaya a layi cikin rana. Da mutanen gari suka ce ina zan bar mace ta haye jirgi ba muharrami, na ce tare da malamansu mata za su, kowa ya ji da gidansa. Ina faɗin wannan don ku san ba kullum nake tsoron bakin mutane ba.

Ta dawo ruwan farko ya sauka ana ta shuka. Ta kawo wa kakanta safa mai kauri da hular sanyi. Shi da ya manta sunan kowa bai manta wasan da ke tsakaninsu ba, yana ganinta ya ce amarya ta dawo, ina ta tafi ta bar shi da yunwa. Ta ce ta je neman wani mijin ne mai haƙora, ba ta samu ba ta dawo. Ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa na manta.

Labarin tafiya a tsakar gida ta ba da shi bayan la'asar, uwarta take ba wa, amma da muryar da za ta iso inda nake zaune ina gyaran igiyar shanu. Ta ce akwai ofishin da mutum in aikinsa ya ƙare yake zuwa a riƙe shi kafin ya samu wani. Ta ce motar haya tana durƙusawa ƙasa don mai keken guragu ya shiga. Ta ce akwai gidajen tsofaffi, ma'aikata suna karɓa-karɓa, wannan ya tashi wannan ya zo. Uwarku ta riƙe baki ta ce wato su kai iyayensu can su juya baya, Allah ya kiyaye. Ni a raina na ce da ni ma akwai mai karɓata ko na yini ɗaya, da na san ina da baya. Sai ta zo kan abin da take son faɗa tun farko. Ta ce an kai su wata gona a bayan gari, inda ake kawo masu gigin tsufa da safe a mayar da su gida da yamma. Ta miƙa wa uwarta waya, uwarta ta miƙo mini. Wani tsohon Bature ne da takalmin roba, ya duƙa yana tonon dankali, wata tsohuwa a bayansa tana watsa wa kaji tsaba. Ta ce mutumin nan bai san sunan matarsa ba, amma ba ya kuskure lokacin da dankali ya nuna. Matar da ke kula da wurin ta gaya musu kai yana mantawa ya bar hannu da saninsa, kuma in ka raba irin waɗannan da aikin da suka saba, da wuri suke lalacewa.

Sai ta ce wa uwarta, wai ko za a bar Tsoho ya riƙa zuwa gona da safe, ko na awa ɗaya, ita za ta riƙa raka shi tunda tana hutu. Na miƙa wa uwarku wayar na ce:

"Tambaye ta, su can ba su da maƙwabta ne?"

Uwarku ta mayar mata da wayarta. Na ɗauka an gama.

Ashe ba a gama ba. Ranar kasuwar Musawa na tafi duba wani ɗan maraƙi, ita da uwarta suka ciro fartanyar daga bayan rumbu inda na ɓoye ta. Sau uku suna yi ban sani ba. A na huɗu na dawo daga Malumfashi da wuri, ban biya gida ba na zarce gona don in ga yadda dawa ta fito. Daga nesa na hango mutum biyu. Ita tana tsaye da buta da tabarma a naɗe, shi yana duƙe cikin layi da tsohuwar taguwarsa, yana rage dawar da ta fito cunkushe, ya bar biyu ko uku a kowane gindi, ya danna ƙasa da diddige. Hannunsa ba ya rawa. Na kashe mashin na taho da niyyar in yi faɗan da ban taɓa yi ba. Kafin in buɗe baki ya miƙe ya dafa ƙugu ya dube ni.

"Tanko, wa ya yi shukar nan?"

Na ce 'yan ƙwadago ne, Baba.

"Kana ina suka yi? Ƙwaya bakwai a rami ɗaya. Iri ne ya yi maka yawa, ko hankali ne ya yi maka kaɗan?"

Fiye da shekara bai kira sunana ba. Na tsaya a nan da furfurata yana yi mini faɗa kamar ɗan shekara goma, ya nuna mini inda ruwa zai ci ƙasa in ban tare ba, ya ce takin da na zuba a gefen fadama asara ce. Duk gaskiya ya faɗa. Ban san lokacin da na tsuguna ina rage dawar tare da shi ba. Ranar ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari, ya yi alwala da kansa ba wanda ya tuna masa. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da ba zan iya wanke kaina daga gare shi ba. Na gani da idona abin yana yi masa amfani. Ba wanda zai ce ban sani ba.

Ban ce na yarda ba, ban kuma hana ba. Na dai daina mayar da fartanyar bayan rumbu, na bar ta jingine a zaure. Kwana goma sha wani abu suka yi suna fita bayan an karya kumallo, su dawo kafin rana ta yi zafi. Ba wai ya warke ba ne, kada ku ɗauka haka. Da yamma yakan koma ya tambaye ni daga wane gari nake. Amma da safe mutum ne. Yana tafe yana tsokanar amaryarsa wai ba ta iya riƙe buta ba, ita tana ce masa in ya gama noman nan sai ya biya sadaki.

Hanyar gonarmu ta gaban teburin mai shayi take bi, inda dattawan unguwa suke zama a bakin titi. Wata safiya na tsaya sayen burodi, Malam Bawa yana nan, wanda muka yi makarantar allo tare, mutumin da in bai soki wani ba shayinsa ba ya wucewa. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam Tanko, ashe ka yi sabon ɗan ƙwadago. An ce ba ya karɓar ko sisi, tuwo kawai. In ya gama taka ka aiko mini shi."

Aka yi dariya. Wani ya ce ai sabon ilimi ne daga Turai, yanzu tsoho ake sa wa garma a huta da sayen shanu. Ni ma na yi dariyar, na karɓi burodina, amma ban san yadda na isa gida ba. Daga nan abin ya bazu. Bayan sallar magariba liman ya yi 'yar nasiha a kan haƙƙin iyaye idan sun tsufa, bai kira suna ba, bai kuma dubi inda nake ba, wanda ya fi kallon ciwo. Goggo, ƙanwar Baba, ta hau mashin daga Kafur ta zo tana kuka, wai me ɗan'uwanta ya yi mana da za mu mayar da shi bawa. Wani kuma, har yau ban san ko wane ne ba, ya ɗauki Baba a waya yana duƙe a gona ya aika wa Kabiru.

Kabiru ya zo ranar Talata. Tunda gigin ya kama Baba bai taɓa zuwa wata rana ba sai Juma'a. Ko zauren bai shiga ba, a jikin mota ya tsaya. Ya ce hoton yana yawo a wayoyin 'yan kasuwar hatsi a Funtua, abokan cinikinsa suna tambayarsa ko karayar arziki ta same shi. Na yi masa bayanin abin da na gani, da cin abincin, da kiran sunana. Ya ce shi bai zo jin karatun yara ba.

"Yaya, in ka gaji da shi ka faɗa. In kai shi gidana in sa masa mai kula. Amma ubana ba zai yi noma ina raye ba."

Gidan Kabiru bene ne, ko'ina tayil, ba inda ƙafar mutum za ta taɓa ƙasa, ba wanda Baba ya sani a unguwar. Kuma in ya ɗauke shi, gari zai ce Tanko ya kasa riƙe ubansa. Ta ko'ina ni ne a ƙasa. Na ce ya bar shi, an daina. Ya shiga ya gaida Baba, ya sa aka ɗauke su hoto, ya tafi.

Na gaya wa uwarku ta gaya wa yarinyar an rufe maganar gona. Na ɗauke fartanyar na kai gidan maƙwabci. Amma tsohon ya riga ya ɗanɗana. Kullum da safe sai ya sa taguwa ya tsaya a ƙofar zaure yana jiran amarya. In aka ce yau ba zuwa, ya zauna, can ya sake tashi. Rana ta biyar na tafi kai shanu, uwarku tana wanka, ya fita shi kaɗai. Ya wuce kwanar da ake gangarawa fadama ya miƙe titi. Wani ɗan acaɓa da ya san shi ya gan shi a gefen kwalta ya ɗauko shi ya kawo. Ko ƙwarzane bai yi ba. Amma ni na samu abin da nake nema. Washegari na je Malumfashi shagon wani Ibo haifaffen garin na ce ya ba ni kwaɗo mai ƙarfi. Ya tambaye ni na rumbu ne ko na shago, don ya san girman da zai ba ni. Na ce na rumbu.

Shekara da shekaru duk wanda ya tambaye ni ina cewa saboda titi ne, manyan motoci suna wucewa, in ya fita aka take shi fa. Har ku haka na gaya muku. Titin gaskiya ne. Amma lokacin da yake zuwa gona da rakiya bai taɓa kallon titi ba, sai da na hana shi. Kuma ba titi nake ji a kunnena ba lokacin da nake kafa ƙarfen a ƙofar ɗakinsa, dariyar teburin mai shayi nake ji.

Ina cikin buga ƙusa yarinyar nan ta zo ta tsaya a bayana. Ba ta bi ta wurin uwarta ba. Tun da aka haife ta ba ta taɓa tsayawa ta yi mini magana ido da ido ba sai ranar.

"Baba, mota kake tsoro ko Malam Bawa?"

Na juyo da guduma a hannu na ce a can aka koya mata tsayawa a kan ubanta.

"A can na ga ana tambayar tsoho abin da yake so. Shi ke nan abin da na gani."

Na ce tunda ta fi kowa sani ta haɗa kayanta ta koma makaranta, gidana ba wurin gwaji ba ne. Hutunta da saura kusan wata guda. Uwarku ta yi kuka ta ba ni haƙuri, na ce na gama magana. Da safe ta fito da jakarta ta tsaya a tagar ɗakinsa ta ce Tsoho za ta tafi. Ya leƙo ta tsakanin ƙarafan yana murmushi, ya ce amarya ta zo da fartanyar ko ta manta. Ta ce ta manta, gobe za ta kawo. Ta juya ta fita, ba ta bari na ga fuskarta ba.

Wani lokaci ina jin haushin tafiyar nan tata har cikin raina. Da ba ta je ba, da Baba ya ƙare a kujerarsa ina ganin na yi masa duk abin da ɗa yake yi wa uba, in kwanta in yi barcina. Suka ɗauke ta suka nuna mata gonar da gwamnati ta ɗauki ma'aikata, da mota mai kai tsofaffi ta dawo da su, suka sako ta jirgi ta dawo ƙauyen da ba kowa sai ni da uwarta da bakin mutane. Ba su ba ta komai ta kawo mini ba sai sani. Amma in na gama jin haushin sai in tuna ba mota ta nema a wurina ba, ba ma'aikata ba. Fartanya ce da awa ɗaya.

Ba yini ake yi yana kulle ba, wannan ma ku sani. Daga asuba zuwa azahar ne, lokacin da ƙafarsa take motsi. Bayan azahar in buɗe, in yi masa wanka, in sa masa farar riga, in zaunar da shi a kujerar Kabiru. Masu wucewa su leƙo su ce masha Allahu, tsoho ya yi fes. Makon farko yana dukan ƙofa yana kiran Tanko. Uwarku takan shige madafa ta kunna rediyo don kada ta ji. Mako na biyu dukan ya ragu, sunan ya tafi, sai dai ya ce bayin Allah a buɗe, rana tana yi. Daga baya shiru. Wata rana na buɗe na tarar ya tsinke carbinsa, ya bi gindin bango inda daɓen ya farfashe ya tona ramuka da yatsa, a jere, taki ɗaya tsakanin kowane biyu. Na tona ɗaya na ga 'ya'yan carbi uku. Na tona na gaba, uku. Da na gaya wa Kabiru a waya, sai ya aiko da buhun siminti biyu da magini, wai kada ƙasa ta sa masa tari. Na tsaya ina kallo aka shafe ɗakin.

Daga nan abinci ya fara komawa yadda aka kai shi. Ya daina tashi in ba an ɗaga shi ba. Kafin masara ta bushe ƙafafunsa sun sandare, kwaɗon ma ya zama ba shi da aiki, na cire na jefa cikin kwandon ƙarafa. Ba wanda ya ce mini komai. A teburin mai shayi har matsa mini wuri ake yi.

Dawar da ya rage da hannunsa ta yi kyau a shekarar, layukan nan sun fi sauran gonar kai, ko makaho ya shafa zai gane. Da aka fara girbi na kasa barin shi a ɗaki. Na ɗaura wa shanu amalanke, na shimfiɗa katifa, na ɗauko shi kamar yaro na kwantar. Kuma don ku san irin mutumin da ubanku yake, ko a ranar sai da na zaɓi ranar kasuwa, lokacin da na san teburin mai shayi ba kowa. Na biya gidan maƙwabci na karɓo fartanyar. Muka isa na jingina shi da dami, na juya fuskarsa wajen layukansa, na ce Baba ga dawarka, ga inda ka rage. Na sa masa ƙotar a hannu na naɗe yatsunsa a kai. Ina saki ta faɗi. Ya daɗe yana kallon gonar, daga fadama har kan tudu. Sai ya matso da bakinsa kusa da kunnena, a hankali, kamar mai jin nauyi.

"Malam, gonar wa ka kawo ni? Mu tafi kada mai ita ya zo ya same mu."

Bai kai ƙarshen kaka ba. Ranar wata Laraba da hantsi ya cika, ina riƙe da kansa.

An yi zaman makoki a ƙofar gida, mutane daga Funtua da Kafur da Dayi, motocin abokan Kabiru har bakin titi. Bilkisu ta iso a rana ta biyu. Ta durƙusa ta yi mini gaisuwa yadda ake yi, ta shige wurin mata. Har yau haka muke. Tana aikinta a wani asibiti a Zariya, tana zama da iyalan marasa lafiya tana ba su shawara, an ce tana da hannu a aikin. Duk sallah tana zuwa da 'ya'yanta ta gaishe ni. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba.

A rana ta uku, bayan an yi addu'a, Malam Bawa ya taso daga inda yake ya zo ya tsuguna a gabana ya kama hannuna da hannu biyu. Daidai lokacin ita kuma ta fito da kwanon kunu za ta miƙa wa masu rabo, ta tsaya a bakin zaure don maza sun cika wurin. Bawa ya ɗaga murya yadda ya saba, don kowa ya ji.

"Malam Tanko, kai dai ka gama da duniya lafiya. Ka riƙe tsoho, ka hutar da shi, ko tsinke bai ɗaga ba har ya koma ga Ubangijinsa. Allah ya ba mu 'ya'ya irinka."

Wurin ya ɗauka da amin. Kabiru yana gefena yana gyaɗa kai yana share ido. Na ɗaga kai muka haɗa ido da ita. Ta sunkuya ta ajiye kwanon a bakin ƙofa ta koma ciki. Ni kuwa hannuna yana cikin na Bawa, jama'a suna jira, na ce amin, na shafa tare da kowa.